Da dare jiki zafi, da safe garau: in tura ta lakwal?

Maman Nafisa: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema daga unguwar Zariya. Ɗiyata shekararta 8, tana CE2. Kwana biyu ke nan, dare na yi jikinta sai ya ɗau zafi rau, har da rawar ɗari. In na ba ta farasitamol ta yi zufa, da safe ta tashi garau ta sha kununta. Babanta ya ce ta tafi, ba a daɗe da komawa lakwal ba, kada a bar ta baya. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Jiya da ta dawo ko tuwo ba ta kalla ba, ta zube kan tabarma da jakarta a baya.

Maman Abdul: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Don Allah kada ta je gobe. Masassarar da ke zuwa ta lafa a watan Oktoba, ƙarshen damina, maleriya muke fara zato. Farasitamol zafin kawai yake kwantarwa, ciwon na nan. Ki kai ta CSI, wato asibitin unguwa, da sassafe a ɗiga jinin yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an gani. In ita ce, maganin kwana 3 ne, safe da yamma, ta shanye shi duka ko ta warware. Ki riƙe 'yan kuɗi, don maganin kyauta na yaran da ba su kai shekara 5 ba ne. In zafin jiki ya kai digiri 38, yaro ya zauna gida sai ya kwana ya wuni ba zafi, kuma ba da taimakon magani ba. Amma jijjiga, amai ba tsayawa ko sanƙarewar wuya, wannan ko tsakar dare ne a tafi asibiti.

Mushe Sani: Hajiya, ki gaya wa maigida in ji malami: yaron da ya kifa kai kan tebur ba abin da yake ɗauka. Ki aiko a faɗa mana, ta kwafi darasin wajen ƙawarta. Abin da ya fi tayar mana da hankali ciwon ido, gudawa da ƙyanda, don aji cike yake, ɗaya ya shigo da su sai su zagaye benci.

Hajiya Inna: 'Yata, majina da ɗan tari kawai ba su hana zuwa, in ba haka ba da hunturu sai a rufe lakwal. Amma yarinyar da ta ƙi tuwo ta kwanta da jaka, ai jikin ya gaya miki. Ki duba gidan sauronta ma, ko ya huje.

Maman Nafisa: Na gode, Allah ya saka da alheri. Mun je, maleriya ce, ta fara magani. Inna, gaskiyarki, na sami huji biyu ta wajen ƙafa, na ɗinke. Babanta da kansa ya biya ya gaya wa madam ɗinsu.