Hayaƙin jin ɗumi a ɗaki: abin da aka tattauna

Jama'a, zancen ya yi tsawo. Ga abin da na tsinto daga bakin 'yan Gusau da Talatar Mafara kan hura wuta a ɗaki da hunturu.

1. Kowa ya yarda ɗanyen icce ne babban mai laifi. A shanya shi ya bushe, kuma a daina cusa leda don wuta ta kama.

2. Ma'aikatan lafiya a cikinmu sun ce matsalar ta wuce hayaƙin da ido ke gani. Akwai ƙananan ɓurɓushi, PM2.5, da ke kutsawa can cikin huhu har jini. Jarirai, tsofaffi da masu asma sun fi jin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya kashe mutum miliyan 3.2 a 2020.

3. A hura kasko a tsakar gida, sai ya yi garwashi a shiga da shi. A bar taga a buɗe, a fitar da shi kafin barci.

4. An rabu kan gawayi. Wasu sun ce ya fi icce tsabta, wasu suka ce iskarsa marar wari ce ke kashe mutane cikin barci. Ni ina bayan na biyun.

Maganar gas kuwa, tsada ta kashe ta tun ba ta yi nisa ba.