Don Allah a taimaka, 'ya'yan tsila a naman shanu

Assalamu alaikum 'yan uwa mahauta da likitocin dabbobi, ina neman shawara. Ina fawa a nan Agege, kwanan nan in mun yanka wasu shanun sai mu ga 'yan ƙwayoyi farare kamar shinkafa da ɗan ruwa a ciki, sun fi yawa a zuciya da harshe da naman kumatu. Likita ya ce 'ya'yan tsila ne, Taenia saginata, saniya na ɗauka in ta ci ciyawar da kashin mutum ya ɓata, shi kuma mutum in ya ci naman bai dahu ba sai tsilar ta girma a hanjinsa. Wannan na gane.

Inda na maƙale shi ne manyan jakunkunan ruwa da muke gani a hanta da huhu, ya ce wannan daban ne, daga kashin kare yake zuwa kuma iri-iri ne, sai an yi gwajin DNA ake sanin wanne ne. To ina ake wannan gwajin a Legas, nawa ne kuma?

Sai maganar firiza, an ce kwana 10 a sanyin digiri 10 ƙasa da sifiri yana kashe masu kama da shinkafar, amma da wutar nan da ba ta zama ai da wuya, yawancin kwastomomina kuma masu tsire ne. Gashin tsire yana kashe su har ciki? Kilishi fa? Wallahi ba na son in sayar wa mutane cuta, amma zubar da saniya guda a wannan tsadar karyewar jari ne.