Abin da aka ce kan littafi na biyu na labarin Zélie

'Yan uwa, ga abin da na tattaro daga muhawarar da 'yar uwarmu ta tayar kan Children of Virtue and Vengeance na Tomi Adeyemi, wanda ya fito a 2019. Ta ce ya burge ta, ya kuma ɓata mata rai. Wanda bai karanta ba ya dakata, akwai tonon labari.

1. Kusan kowa ya yaba da dabarar da aka yi ta dawo da tsafi Orïsha, ƙasar da labarin ke faruwa, ya kuma faɗa har hannun 'yan sarauta. Shi ya ba yaƙin nauyi.

2. A soyayya aka rabu. Wasu sun ce Zélie, jarumar labarin, ba ta da dalilin ci gaba da tunanin Inan, ɗan sarki, bayan cin amanar da ya kai ga mutuwar mahaifinta, gara ta tsaya ga Roën, sojan hayan da ke son ta. Wasu suka ce ai zuciya ba ta bin lissafi, ballantana ta yarinya mai makoki. Ni ina tare da na biyun, ko da yake kai-komon Inan ya gajiyar da ni matuƙa.

3. Sauyin halin Amari, ƙanwar Inan kuma ƙawar Zélie, ya ƙona wa da yawa rai. Kaɗan suka kare ta, wai tarbiyyar fada ce ta fito.

4. Ƙarshen, inda Zélie ta farka ɗaure cikin jirgin ruwa, ba wanda ya gamsar.

Shawarar da ta fi rinjaye: a sake duba na farko na 2018 kafin a fara wannan, a kuma tanadi na uku na 2024 a kusa.