Neman shawara kan sanya mafitar iska a rufin kwano

Mai Sito, Gusau:
Assalamu alaikum. Ina da ɗakin ajiya a bayan gida mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4, rufinsa na kwano ne kuma ba shi da silin, kuma a ciki nake ajiye buhunan masara da wake. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin da ke taruwa a ciki yakan kai ga mutum ba ya iya tsayuwar minti biyar da rana. Na ga irin fankar nan mai juyawa da ake ɗorawa a kan rufin masana'antu, wadda iska ce ke kaɗa ta ba wutar lantarki ba. Shin zan iya sanya ta da kaina, kuma guda ɗaya za ta wadatar?

Usman Kafinta:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Za ka iya, muddin ba ka tsoron hawa sama, amma inda mutane ke yin asara shi ne wurin yanka kwanon. Ka zaɓi wuri kusa da ƙololuwar rufin, tsakanin katako biyu, ka ɗora farantin gindin fankar ka zana da'irar bakinsa, sannan ka yanka da almakashin kwano. Kada ka yi amfani da injin yankan ƙarfe, domin tartsatsinsa yana ƙona fentin kwano, daga nan tsatsa ta samu hanya. Gefen farantin na sama dole ne ya shige ƙarƙashin kwanon da ya rufe ƙololuwa, na ƙasa kuma ya hau kan kwanon rufin, ta yadda ruwan da ke gangarowa zai bi ta kansa ya wuce. Idan aka juya wannan tsari, ko kwali guda na silikon ka zuba, sai ya yi yoyo a ruwan farko. Wuyan fankar yana murɗawa domin a daidaita shi da gangaren rufi, saboda haka ka tabbatar kanta ya zauna daidai ba a karkace ba, in ba haka ba boris ɗinta, wato ƙarfen da take juyawa a kansa, zai cinye ta gefe guda ta fara ƙara. Ka hau da sassafe kafin kwano ya ɗauki zafi, ka taka kan layin ƙusoshi kawai, domin nan ne katako yake a ƙasa.

Injiniya Hadiza:
Bayanin Malam Usman daidai ne, sai dai tambayar Alhaji ta biyu ta fi muhimmanci a ganina. Fankar ba ta ƙirƙirar sanyi, iska mai zafi da ta taru a sama kawai take fitarwa, kuma ba za ta fitar da komai ba sai wata iskar ta samu hanyar shigowa daga ƙasa ta maye gurbinta. Ɗakin da aka toshe ko'ina saboda ɓera, za ka ga fankar tana ta juyawa a sama alhali zafin yana nan yadda yake.

Akwai ma'aunin da ake amfani da shi a dokokin gini na Amurka, wato murabba'in mita 1 na kafar iska ga kowane murabba'in mita 150 na ƙasa, kuma ana so a raba shi tsakanin mashiga da mafita. Ɗakinka murabba'in mita 24 ne, ke nan kana buƙatar kafar iska ta kimanin murabba'in mita 0.16. Fanka mai bakin santimita 30 tana ba da kusan 0.07, don haka guda ɗaya ta kusa cika rabon sama. Sauran sai ka samar da shi ta hanyar buɗe kafofi a bango ƙarƙashin bakin rufi, a ɓangarori biyu masu fuskantar juna. Ka sa musu ragar ƙarfe mai ƙananan idanu saboda jemagu da ɓeraye da tsuntsaye, ka kuma ƙara musu girma kaɗan tunda raga tana rage iskar da ke wucewa. Wannan ma'auni mafi ƙaranci ne, kuma a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ƙari a kansa ba zai cutar ba.

Baba Magini:
Ni da za ka ji tawa, ɗana, da ba ka taɓa kwanon ba tukuna. Idan rufin mai gangare biyu ne, ka cire bulo biyu ko uku a can saman bangon kowane gefe, ka mayar da bulo mai huda, ka yi wasu a ƙasa kamar yadda Injiniya ta faɗa. Babu yoyo, babu boris ɗin da ƙurar hunturu za ta cika, kuma iskar hadarin farkon damina, wadda ke yaye rufin mutane a watan Mayu da Yuni, ba ta da abin kamawa. Idan bazara ta zagayo ka ga bai isa ba, sai ka ƙara fankar, ka ɗaure ta da ƙusa mai murɗi mai roba a wuya, ba ƙusar kwano ta bugawa ba.

Mai Sito, Gusau:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Rufin mai gangare biyu ne, saboda haka zan fara da bulo mai huda. Baba, ta ɓangaren gabas da ruwa ya fi bugowa, yaya zan hana feshi shiga kan buhunan?

Baba Magini:
Ka sa bulon da hudarsa ta karkata ƙasa ta waje, sannan ka kafa masa 'yar rumfar kwano mai faɗin taƙi guda a samansa, ka kuma janye buhunan daga jikin wannan bangon ka ɗora su a kan katako.