Ruwan jinin kwata a madadin na ɗan tayi: abin da muka gani a ɗakunan gwaji

Malamar da ta buɗe zance:
Assalamu alaikum, abokan aiki. Ruwan jinin ɗan tayin saniya (wato ruwan da ke warewa bayan jini ya daskare), wanda muke zubawa kashi 10 cikin 100 a abincin ƙwayoyin halittar da muke reno a ɗakin gwaji, ya yi tsadar da ɗalibanmu ba sa iya saye, domin da dala ake shigo da shi, kuma sau da yawa yakan narke a hanya kafin ya iso. Ga jini nan yana kwarara a kwata kowace safiya. Ina roƙon duk wanda ya taɓa gwada shi ya faɗa mana abin da ya gani.

Likitan dabbobi:
Malama, na gwada, kuma wahalar tun daga wurin yanka take farawa. Wuƙa tana yanke maƙoshi tare da jijiyoyi, saboda haka abin da ke cikin tumbi yakan biyo jinin. Sai da na je da asuba na gaisa da Sarkin Fawa, ya haɗa ni da wani mahauci mai haƙuri, wanda yake barin feshin farko ya wuce kafin in tara kwalbar da na dafa. Na bar jinin ya daskare, na kwantar da shi cikin sanyi, na juya shi a na'ura, sannan na tace da mataci mai ƙananan ramuka masu faɗin maikiron 0.22 (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Kwalbar da ta sha girgiza a bayan babur ta fito jawur maimakon ruwan ɗorawa, alamar jajayen ƙwayoyin jini sun fashe, dole na zubar.

Ɗalibin digiri na biyu:
Ranka ya daɗe, ni da tumaki na yi. Na ɗumama ruwan a digiri 56 na minti 30, amma da na sauya wa ƙwayoyin Vero (ƙwayoyin halittar ƙodar biri da ake reno a kwalba) abinci gaba ɗaya, sai suka dunƙule suka saki ƙasan kwalba. Da na riƙa gauraya shi da na ɗan tayi ina ƙarawa kaɗan-kaɗan a kowane dashe, wato duk lokacin da na raba ƙwayoyin zuwa sabuwar kwalba, sun karɓa, ko da yake girmansu bai kai na da sauri ba.

Ma'aikaciyar sashen rigakafi:
Ɗana, akwai abin da ya fi saurin girma muhimmanci. Babbar dabba ta sha cututtuka da allurai, jininta cike yake da sinadaran garkuwa waɗanda ɗan tayi bai samu ba. Na taɓa shuka ƙwayar cutar PPR, wata annoba ta awaki da tumaki, a kan Vero da ruwan jinin awaki, kwanaki suka wuce ban ga komai ba, ashe garkuwar awakin ce ta kashe min aiki. Matacin nan kuma ba ya tare bairos, kuma maikofilasma, wani nau'in ƙananan ƙwayoyin cuta, shi ma yakan tsallake shi. Don koyar da ɗalibai ina amfani da ruwan jinin kwata da zuciya ɗaya, amma ba zan sa shi a aikin rigakafi ba sai an gwada kowane ɗiba daban.