Microsoft ba ya ƙirƙira, saye kawai yake yi: wannan suka ta isa ta hana a sa kuɗi a ciki?

Ɗan Wadata (Yamai):
Assalamu alaikum manya. Ana yawan cewa Microsoft bai taɓa ƙago wani abu da kansa ba, sai dai ya saye na wasu ko ya kwaikwaya. In haka ne, mai neman sayen hannun jarinsa ya ji tsoro ko kuwa?

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sukar tana da tushe. MS-DOS, tsohuwar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, daga hannun kamfanin Seattle Computer Products suka saye shi a 1981. PowerPoint ma na kamfanin Forethought ne, suka biya dalar Amurka miliyan 14 a 1987. LinkedIn ya ci dala miliyar 26.2 a 2016, GitHub, dandalin masu rubuta manhaja, miliyar 7.5 a 2018. Amma mai jari ba lambar yabo yake nema ba, abin da yake dubawa shi ne ko abin da aka saya ya maido kuɗinsa. Shiga kowane ofis a unguwar Plateau ta Yamai ka ga me sakatariya take buga takarda da shi, me akanta yake lissafin albashi da shi: Word da Excel. Ma'aikatar da ta tara takardun shekara ashirin a cikinsu ba ta sauya sheƙa dare ɗaya. Nan ƙarfin kamfanin yake.

Alhajin Tawa:
Malam, ka faɗi mai daɗin ka bar mai ɗacin. Sun sayi sashen wayar Nokia a 2014, shekara guda bayan nan suka rubuta asarar dala miliyar 7.6. Kafin nan aQuantive, kamfanin talla ta intanet: sun saye shi a 2007, a 2012 suka rubuta asarar miliyar 6.2. Wayar hannu ta wuce su gaba ɗaya, Android da iPhone suka raba kasuwar. Wanda ya sayi hannun jarin a ƙarshen 1999 sai 2016 ya sake ganin farashinsa, alhali kamfanin yana cin riba duk tsawon lokacin. Kaya mai kyau ma in ka saye shi da tsada, kai ne da asara.

Mai Lissafi:
Gaskiya ne Alhaji, ban musa ba. Shi ya sa nake cewa a buɗe rahoton shekara, wanda ke rufewa 30 ga Yuni. A 2024 cinikinsu dala miliyar 245, riba miliyar 88, bincike ya ci kusan 29.5. A kwatanta haɓakar Azure, sashensu na hayar ajiyar bayanai da aikin kwamfuta ta intanet, da abin da ake zubawa wajen gina cibiyoyin ajiyar bayanai. In kashewa ta ci gaba da tsere wa ciniki, to a nan ne matsala za ta ɓullo.

Hajiya Mai Banki:
Ɗana, kafin ka kai can: Microsoft ba ya BRVM, kasuwar hannun jarin yankinmu da ke Abidjan, a kasuwar Nasdaq ta Amurka yake da sunan MSFT. Sai ta hannun dillalin waje, kuma dokar musayar kuɗi ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, tana da sharuɗɗa kan fitar da kuɗi, don haka ka fara da bankinka. Amurka za ta cire kashi 30 cikin 100 na rabon ribarka, tunda ba ta da yarjejeniyar haraji da Nijar. Sannan sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, ba da dalar Amurka ba. In dalar ta faɗi, ribarka a sefa ta ragu ko da hannun jarin bai motsa ba.