Yaya ake maida alamomin kibod su zama zanen riga?

Ummi_Zee:
Slm 'yan uwa, dan Allah masu harkar dizayin da buga riguna ku taimaka min da shawara. Inaso in fara sana'ar tishat amma ban iya zane da hannu ba ko kaɗan, sai nake ganin wasu riguna a Instagram in ka hango su daga nesa kaman fulawa ko zanen atamfa amma kana matsowa sai kaga ashe waƙafi ne da alamar tambaya da tauraro da su & aka jera har suka bada fasali, gaskiya abin ya shiga raina sosai. Ina da CorelDraw a laftof, Canva kuma a waya. Ya ake jera su su yi kyau kar ya zama kaman harafi aka watsa kawai? Kuma wane irin bugu ya dace da su, dan kuɗin hannuna ba yawa.

Mai Bugu Fagge:
Wslm ƙanwata, kin zaɓi hanya mai kyau. Abu na farko kar ki kwaso alama goma ki zuba, ɗaya ko biyu sun isa, duk kyan abin yana wajen maimaitawa ne da tazarar da kika bari a tsakani. Ɗauki waƙafi ɗaya a font mai kauri ki ƙara mishi girma, ki danna Ctrl+Q a CorelDraw ya tashi daga rubutu ya koma zane, sai ki matsar da cibiyar juyawarshi zuwa wajen wutsiyar ki rinƙa kwafa kina juyawa digiri 45 har sau takwas, zaki ga fulawa ta fito da kanta, in ganye shida kike so to digiri 60. Baka guda biyu ( ) in kika haɗa bakinsu ganye ne, in kika kwantar da su kika jera layi layi sai su bada ɓawon kifi, su kuma < da > su ke bada lu'u-lu'un nan da ake gani a zanen hula.

Wajen jerawa ki yi aiki da Step and Repeat, Ctrl+Shift+D, amma layi na biyu ki gusar da shi rabin tazara yanda magina ke ɗora bulo, shi ke hana zanen yin sandan-sandan. Ni na fi son a zana siffa ɗaya babba, da'ira ko taswirar Najeriya, a cusa zanen ciki da PowerClip ya tsaya a ƙirji, dan A3 faɗinsa santimita 29.7 ne tsawo 42 kuma mafi yawan injin matsi, mai manna zane a riga da zafi, da ke shagunanmu bai wuce nan da yawa ba. Zanen da zai rufe riga gaba da baya har hannu wannan sai dai a buga a yadi kafin tela ya yanka.

Sadauki_07:
Yallaɓai Mai Bugu ya gama magana a kan jeri, ni bugun zan ɗan taɓa dan nan ne masu farawa ke asara. Hajiya in zanenki ƙananan alamomi ne da yawa ki guji fileks, wannan ledar da inji ke yankawa a manna da zafi, domin bayan yanka sai an zauna an tsince duk ledar da ba a so da hannu, ki ƙaddara tauraro ɗari biyu kowanne sai an bi shi da tsinke, ga ɗigon alamar tambaya da ke ɓallewa ya ɓace ba a lura ba sai an matsa a riga. Fileks na manyan alamomi ne, & guda ɗaya ƙatuwa a gaba misali, kuma a tuna a juya zanen ya zama madubi kafin yanka.

In riguna da yawa ne kala ɗaya to sikirin, wato bugun da ake tura fenti ta cikin raga mai ɗauke da zanen, ya fi araha nesa ba kusa ba, kowace kala da nata sikirin ɗin shi yasa kala ɗaya ko biyu ya fi miki. In kuma ƙwaya biyar goma zaki gwada kasuwa ki je DTF, wato a buga zanen a kan leda ta musamman sannan a manna shi a riga da zafi, ki kai musu PNG mara bango 300 dpi. Sablimeshan kuwa, wato bugun da zafi ke shigar da kalar cikin zaren yadi, sai riga mai poliyesta fara ko mai haske, a baƙar rigar auduga bazai fito ba ko wa ya ce miki zai fito. Kuma ki sayi riga ɗaya tukun a Kantin Kwari a buga ki wanke ta ki gani kafin ki ɗauki dozin.

DanZango Kumasi:
Mu nan Ghana wannan abin ba baƙo bane, a Ntonso kusa da Kumasi masu adinkra suna sassaƙa alama a ɓallin ƙwarya su tsoma a rini su yi ta bugawa a zane, kuma sukan fara ja layuka su raba zanen gida gida sannan kowane gida a cika shi da alama ɗaya. Ki gwada hakan 'yar uwa, gida ɗaya alamar +, gida ɗaya alamar ~, gida ɗaya tauraro, yana hutar da ido sosai. Kuma ki duba alamar ⌘ ta kwamfutar Apple, tana ɗan yanayi da dagin Arewa in an juya ta, na san mutanenmu za su so ta.

Malama Hajjaju:
Ummi 'yata ni abinda zan roƙe ki shine kar ki manta da namu, ɓ ɗ ƙ ƴ da alamar ₦. Lanƙwasar kan ƙ ɗin nan in aka jera ta ana juyawa wallahi kyau gare ta ba kaɗan ba, kuma duk Bahaushen da ya matso ya gane harafinsa ne sai ya ji daɗi. Sai dai font da yawa ba su da su, akwati zaki gani a madadinsu, ki nemi Noto Sans ko Andika ko Charis, duk kyauta ne kuma lasisinsu ya yarda a yi kasuwanci da su, ba kaman waɗanda ake saukewa barkatai ba da wasu an rubuta amfanin kai kawai.

Sannan ki kula sosai da abinda ke fitowa bayan juyawa. L huɗu ko 7 huɗu in suka haɗu a tsakiya suna iya bada alamar 'yan Nazi ba tare da kin nufa ba, shi yasa in kin gama ki ja baya ki kalla daga nesa ki nuna wa mutum biyu uku. Haruffan ajami kuma ni bana goyon bayan a watsa su a riga, ana shiga banɗaki da ita ana jefa ta cikin kayan wanki, kuma jerin zai iya haɗa sunan Allah baki sani ba.

Ummi_Zee:
Kai Allah ya saka muku da alkhairi ya ƙara buɗi, na gode sosai. Na gwada na waƙafin yanzu fulawar ta fito, na saka ƙ a tsakiyar kowacce. Yaya Sadauki fari a kan riga shuɗiya mai duhu zan fara, ƙwaya shida, kenan DTF ko? Kuma sirantar layi iya ina ya kamata ya tsaya dan kar ya tsattsage a wanki?

Sadauki_07:
E DTF, shida bata kai a ɗaura sikirin ba. Kar layin ya gaza milimita 1, ki fara fitar da shi a takarda da ainihin girmansa ki ɗora a kan rigar ki gani, kuma ki gaya wa kwastoma ya rinƙa juya rigar ciki waje in zai wanke, guga ma ta baya.